Mace a tseren mota: inda tsanin ke karyewa, da ƙofar da ke cikin rairayi

A watan Janairun 1997 tseren Dakar, babban tseren motoci na hamada, bai taso daga Turai ba. Daga birnin Dakar ya tashi, ya ratsa Mali, ya shigo ƙasar nan ta Nijar har Agadas, sannan ya juya ya koma inda ya fito. Cikin ƙurar ayarin akwai wata Bajamushiya, Jutta Kleinschmidt, wadda a wannan karon ta zama mace ta farko da ta ci zango guda a tarihin tseren. A 1999 ta zo ta 3. A 2001 ta cinye shi ɗungurungum cikin Mitsubishi Pajero, maza na bin sawunta.

To amma mai kallon Formula 1 ranar Lahadi a fada, ana zuba shayi ana gardama, bai taɓa ganin mace ta tashi a sahu ba, sai fa in ya ba shekara 50 baya da nisa. Ta ƙarshe ita ce Lella Lombardi, ƴar Italiya, a Ostiriya cikin 1976. Mata 5 kacal suka taɓa neman gurbi a gasar tun kafa ta a 1950, 2 ne suka samu tashi, kuma abin da mata suka tara gaba ɗaya rabin maki ne. Lombardi ce ta zo ta 6 a Sifaniya a 1975, mummunan haɗari ya sa aka tsai da tseren bai yi nisa ba, aka raba makin biyu.

Amsar da ake saurin bayarwa ita ce ƙarfi. Da ƙanshin gaskiya a ciki, kuma za mu zo kanta, sai dai ba daga can matsalar ta faro ba. Dokar FIA, hukumar da ke riƙe da wasan mota a duniya, ba ta raba maza da mata: lasin ɗaya, fili ɗaya. Abin da ke tace mutane tun ba a kai ga maganar damtse ba shi ne yadda ake koyon sana'ar. Ɗan kokowa na iya tasowa daga wani ƙauyen Gidan Rumji, bukatarsa fili da abokin kamu da tuwon gero, in Allah ya yi ya ɗauki takobi. Direban tsere kuwa ko gwaji ba ya yi sai an biya. Kowane zagaye da kuɗinsa.

Kartin, makarantar allon sana'ar

Kusan duk wanda ka gani a Formula 1 da kartin ya fara, wata ƴar mota marar rufi da ke shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma, tun yana ɗan shekara 6 zuwa 8. Da inji 60 ake farawa. Daga shekara 12 a koma ajin OK-Junior mai inji 125, girman injin yawancin baburan kabu-kabu ke nan. Kamannin daga nan ya tsaya. Wannan irin injin nan ne da ake gauraya wa mai da baƙin mai, yana juyi har 14,000 a minti, yana wuce kilomita 100 a awa, alhali tsakanin kujerar yarinya da kwalta bai fi yatsa biyu ko uku ba.

Kartin ba ta da shokozoba, ba ta kuma da na'urar nan da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Sanda guda ce ta haɗa tayoyin baya. Shi ya sa ba ta shan kwana da kyau sai ƙarfen jikinta ya ɗan murɗe, tayar baya ta ciki ta ɗaga kaɗan. In ba ta ɗaga ba, gaba ya ƙi juyawa, inji ya shaƙe, a fito kwana ba ƙarfi. In ta ɗaga ta faɗo da wuri, kartin ta dinga tsalle. Gyaran yana cikin faɗin da ke tsakanin tayoyi, da taurin sandar baya, da mazaunin kujera, wadda matsar da ita santimita 1 kan sauya halin motar. Iskar taya ba ta kai kilo 1 ba, kuma ranar zafi ana rage ta tun farko, don da kanta za ta hau in roba ta ɗau zafi. Ƙarin haƙori 1 a farantin sarƙa na baya yana ba da saurin tashi, ya rage gudu a miƙe. Yarinyar da ta shekara 6 cikin wannan lissafi, jikinta na jin abin da taya ke ciki kafin makanike ya sunkuya ya duba. Wadda ta fara a shekara 15, ko ta fi basira, ta shigo da bashin dubban zagaye a wuyanta.

A wannan mataki ƙarfi bai cika raba gardama ba. Tare ake auna kartin da mai tuƙa ta, a OK-Junior kada su gaza kilo 140, marar nauyi a ɗaura mata dalma a jikin kujera. Mata sun sha kada maza a nan. Sophie Kumpen, mahaifiyar Max Verstappen, ta yi gogayya da irin su Jenson Button da Jarno Trulli, ta ci kofin Margutti a Italiya a 1995, kafin aure da raino su ɗauke ta daga fili. Amma duk filin kartin da ka leƙa, yara mata tsiraru ne cikin taron maza. Uba ne ke kai yaro, kuma galibi ɗa namiji yake riƙo wa hannu. Kujerun Formula 1 kuwa 20 ne shekara da shekaru, sai a 2026 suka zama 22 da shigowar Cadillac. In dubbai suka shiga rariya 22 suka fito, ɓangaren da ya kawo ƴan kaɗan ba mamaki ya tashi hannu rabbana.

Inda kuɗi ke komawa gudu

Daga kartin, a shekara 15, sai Formula 4 mai ƙarfin doki wajen 170. Sai Formula Regional mai 270, Formula 3 mai 380, Formula 2 mai 620, kafin Formula 1 da ta doshi 1,000. A duk waɗannan matakai na ƙasa ba a biyan direba albashi. Ita ce ke biyan ƙungiyar da ta ba ta mota da injiniya da makanikai. Alƙaluman da ƴan harkar ke ambatawa su ne Yuro 300,000 zuwa sama a kakar Formula 4, fiye da miliyan 1 a Formula 3, miliyan 2 ko fi a Formula 2. Yuro 1 sefa 656 ne, ba ya hawa ba ya sauka, ke nan kaka guda ta Formula 2 ta zarce miliyar 1 da miliyan 300 na sefa. Ko Alhazan Maraɗi sai sun koma gida sun yi shawara. Ban da ɓarna fa: in ta daki katanga, fiffiken gaba da ƙafa suka karye, gidansu takardar kuɗin za ta zo.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yadda waɗannan kuɗi ke zama daƙiƙa a agogo. Sabuwar tayar tsere, mai santsi marar zane, zagaye 1 ko 2 kawai take ba da cikakken kamu, shi ma sai an ɗumama ta daidai, kuma cikin wannan ɗan taƙin ake neman gurbin tashi. A Formula 3 da Formula 2, gwajin da ake bayarwa a makon tsere minti 45 ne, sai minti 30 na neman gurbi. Motoci 30 ne a Formula 3, ƙira ɗaya, inji ɗaya, rabin daƙiƙa na iya jefa mutum daga sahun gaba zuwa tsakiyar taro. Wanda ya tashi daga baya kuma cikin hargitsattsiyar iskar na gabansa yake, fikafikai ba su danne motar ƙasa yadda ya kamata, taya na zamewa tana cinyewa, ga cunkoson kwanar farko inda aka fi yin karo.

Tatse sabuwar taya a zagaye guda abu ne na maimaici. A ce wani ya ƙona saiti 200 a ranakun gwaji da ubansa ya biya, wata ta ƙona 30. Shi ya san inda iyakar take, ita lalube take yi. Takardar sakamako ba ta faɗin wannan. Suna kawai za a gani a layi na 22, mai ɗaukar nauyi ya ja jiki, kaka mai zuwa kuɗin gwaji ya ƙara raguwa, a koma ƙaramar ƙungiya, sakamako ya ƙara lalacewa. Ƴaƴan talakawa maza ma haka suke faɗowa. Bambancin, in namiji ya faɗo akwai ɗari a bayansa, in mace ta faɗo sau da yawa ita kaɗai ce a ajin, sai a ce an gwada mata an gani.

A saman tsanin kuma ga babban lasin Formula 1. Sai an cika shekara 18, an tara maki 40 cikin shekara 3, an ci jarrabawar dokoki, an kuma tuƙa motar Formula 1 kilomita 300 da gudun tsere. Ukun farko a Formula 2 kowa na samun 40. Zakaran Formula 3 na samun 30, na Formula 4 na samun 12. Wato halarta ba ta wadatar, sai an yi ta ƙarewa a sama cikin azuzuwan da suka fi tsada.

Ko an kai, sai an dace da mota. Giovanna Amati, mace ta ƙarshe da ta nemi gurbi, sau 3 ta gwada da motar ƙungiyar Brabham a 1992 ba ta samu ba, aka sallame ta. Wanda ya gaje ta, Damon Hill, sau 2 kacal ya samu gurbi cikin 8 da wannan motar, kuma shi ne ya zama zakaran duniya a 1996 a Williams. Lombardi ta yi ta kukan cewa bayan motarta na zamewa, ba wanda ya saurare ta. Sai daga baya, da Ronnie Peterson, direban da ya gaji motar, ya kawo kuka iri ɗaya, aka kwance motar aka tarar da tsagewa a ƙarfen baya. Rabin sana'ar nan magana ce da injiniya, kuma direbar da ba a yarda da bakinta ba, ba za a saita mata mota daidai ba.

Birki, wuya da sitiyari

Birkin motar tsere ba shi da abin taimako irin na motar gida. Da ƙafar hagu ake taka shi, kuma a manyan azuzuwa bugun farko na neman nauyin da ya haura kilo 100 cikin ƙiftawar ido. Daga nan a riƙa sassautawa, domin iskar da ke danne motar tana raguwa tare da gudu. Wanda ya ci gaba da dannewa, taya ta kulle, ta goge wuri guda, motar ta yi ta karkarwa har a canza ta. Kuskuren da injiniya ya fi gani a kwamfuta wurin sabon direba, mace ko namiji, shi ne bugun farko mai laushi: layin matsin birki ya hau kamar tudu maimakon ya miƙe kamar bango. Ana iya sa mastan birki mai ƙaramin baki don a rage ƙarfin da ake bukata, sai dai feda za ta ƙara nisa, ji ya ragu.

Kai da hular kwano sun kai kilo 6 zuwa 7. A birki mai tsanani ko kwana mai gudu nauyin kan ninka sau 5, wato kilo 30 da wani abu na fizgar wuya, ana maimaitawa awa 1 da rabi, a tafiyar kilomita 305 da ta fi Maraɗi zuwa Damagaram, cikin akwatin da zafinsa kan kai digiri 50. Wanda ya san matan karkara da dammunan itace da tulunan ruwa ba zai ce wuyan mace ba ya ɗaukar kaya ba. Amma wannan kayan daga gefe yake zuwa, ba daga bisa ba, kuma horonsa daban ne: ɗamara a kai, roba ko ƙarfe na ja ta kowane ɓangare, ana ƙarawa sannu a hankali tun daga shekarun kartin. A matsakaici tsokar wuyan mace da ta kafaɗa ba ta kai ta namiji ba, don haka aikinta a ɗakin horo ya fi yawa. Ya fi yawa, amma yana yiwuwa.

Abin dariyar yana wurin sitiyari, ko bolan in ji direbobinmu. Motar Formula 1 tana da na'urar sauƙaƙa juyi. Formula 2 da Formula 3 ba su da ita. Matakin ƙasa ya fi na sama cin damtse ke nan, kamar a ce ƙofar zaure ta fi ta ɗaki ƙunci. In hannu ya gaza, injiniya na rage kwanciyar sandar juyin ƙafar gaba, sitiyari ya yi sauƙi, amma kamun gaba a kwana ya ragu, an sayi sauƙi da lokaci. Tatiana Calderón ƴar Kolambiya, mace ta farko a Formula 2 a 2019, ta sha wannan. Sai a motar 2024 aka yi ƙirar da aka ce an yi la'akari da masu ƙaramin jiki. Duk da haka Danica Patrick, mai tsawon mita 1.57, ta ci tseren IndyCar, babbar gasar Amurka, a Motegi ta Japan a 2008, ta zo ta 3 a Indianapolis 500 a 2009, a motar da ita ma ba ta da wannan na'ura. Masu ƙorafi na cewa tattalin mai ne ya ba ta Motegi. Gaskiya ne, kuma tattalin mai na cikin sana'ar.

Sauran daidaita jiki da mota ne. Kujera a jikin direba ake zuba ta: ta zauna kan jakar leda a cikin motar, a tsiyaya kumfa mai daskarewa ta bi surar bayanta. Sai a matso da feda, a duba kaurin mariƙin sitiyari, domin mai ƙaramin tafi in ta riƙe mai kauri da yatsu take juyawa, kafin zagaye 10 hannu ya mutu. Ɗamarar kujera mai kafa 6 ce, in ta bar wuri ko kaɗan jiki zai yi ta yawo. Kuma dole ta iya kwance komai ta fito cikin daƙiƙa 7.

Maganar sutura, wadda a garin nan ita za a fara tambaya: kayan tsere sun rufe jiki daga tafin ƙafa zuwa wuya, da hular ciki mai barin ido kawai, sannan hular kwano. Duka na yadin da ba ya kama wuta ne, har na ciki. Haɗarin yana cikin abin da aka ƙara. Ɗankwali ko hijabin nailan a ƙarƙashi narkewa zai yi ya manne da fata. Rigar mama mai waya, ɗankunne, sarƙa, fil na kai, duka suna ɗaukar zafi, suna kuma hana likita aiki da gaggawa, shi ya sa aka tsananta dokarsu a 2022. Kitso ma sai an kula: da irin kitson da za a yi tsere ake gwada hula, don tudun gashi a ƙeya na sauya zamanta, hular da ke motsi kuwa ba ta kare kai.

Gasar mata zalla

An gwada raba fili. W Series ta fara a 2019, tuƙi kyauta, zakara ta ɗauki Dala 500,000. Jamie Chadwick ƴar Ingila ta ci duka kakanni 3 da aka yi. A 2022 kuɗi ya ƙare, aka tsaya saura tsere 3, gasar ta mutu. Kyautar ba ta kai kuɗin kujerar Formula 3 ba, Chadwick ta nufi Amurka, inda ta ci tseren Indy NXT, matakin da ke ƙasa da IndyCar, cikin maza a Road America a 2024.

F1 Academy, wadda Susie Wolff ke jagoranta tun 2023, ta fi gindi. Motar Formula 4 ce mai doki 174, ƴan shekara 16 zuwa 25, kaka 2 kawai a ba wata wuri, kuma a 2024 ƙungiyoyin Formula 1 suka fara ɗaukar nauyin direba guda kowaccensu. Kason direba ya sauko daga Yuro 150,000 zuwa 100,000, sefa miliyan 65 da rabi. Marta García ta ci 2023, Abbi Pulling 2024, Doriane Pin 2025. Amfaninta a fili yake: awowin tuƙi da araha, ga uban da ke kallo da ƴarsa a gefe. Amma kada a ruɗi kai. Zakararta maki 10 take samu cikin 40, kuma aji ne da yara maza ke wucewa a shekara 15 ko 16. Verstappen yana ɗan 17 ya shiga Formula 1, kafin a kafa dokar shekara 18. Awon gaskiya yana kakar da ke biye, ranar da aka koma cikin maza.

Inda mata ke cin abinci da tuƙi a yau, akasari tseren dogon zango ne, irin na awa 24 a Le Mans, inda mutum 3 ke karɓa-karɓa da mota guda, kuma doka ta tilasta gauraya direbobi masu daraja daban-daban. A can ana neman wadda ba ta kuskure, ba ta cin taya, ba ta ɓarnar mai. Lilou Wadoux, direbar kamfanin Ferrari, ta ci ajinta a Spa a 2023. A Nuwamban shekarar Sarah Bovy da Michelle Gatting da Rahel Frey na ƙungiyar Iron Dames suka ci nasu a Bahrain da Porsche.

Rairayi

Tsanin Formula a Turai yake. Manyan filayen kartin na Italiya, kuma rabon Afirka da tseren Formula 1 tun Kyalami a 1993. Yarinyar da ta tashi a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, sai dai gidan ya yi ƙaura tana ƴar shekara 8. Tseren daji kuwa bai damu da shekaru haka ba. Michèle Mouton ƴar Faransa a kujerar mai karanta hanya ta fara a 1973, ta haura shekara 20. A 1981 ta ci Sanremo da Audi Quattro, a 1982 ta ci Fotugal da Girka da Barazil. A Kwaddibuwa kambun duniya ya kuɓuce mata: labarin rasuwar mahaifinta ya iske ta ana shirin tashi, ta shiga duk da haka, ta taɓa ba abokin takararta Walter Röhrl tazarar fiye da awa 1, matsalar giya ta cinye tazarar, a ƙarshe motar ta kife. Kleinschmidt injiniya ce a BMW, da babur ta fara Dakar a 1988. Cristina Gutiérrez, wadda ta ci ajin Challenger na Dakar a 2024, likitar haƙori ce. Dania Akeel ta fito daga Saudiyya, inda sai a 2018 aka bar mata tuƙi, ta ci zango a Dakar na 2025.

Wannan ba shi da haɗi da wasan mota da samari ke yi ranar biki a tsakiyar gari. Wancan ganganci ne. Nan sai da lasin daga hukumar wasan mota ta ƙasa da ke ƙarƙashin FIA, ba permi kaɗai ba, da gwajin zuciya da ido, da mota mai kejin ƙarfe a ciki.

Kowace rana a Dakar kashi biyu ce, tafiyar haɗi a kan hanyar kowa da dokar kowa, da sashen agogo. Ba taswira. Littafin hanya ne, wanda yanzu a allo yake zuwa, ana buɗe shi mintoci kaɗan kafin tashi, mai layi 3: kilomita, zanen wurin, da bayani, har da alƙibla a digiri. Akwai wuraren da dole a taka, kuma na'ura ba ta nuna kibiya sai an matso kusa, wanda ya tsallake a ƙara masa lokaci. Mai karanta hanya na gyara na'urar ƙirgan tafiya a kowace alama, don kaucewar mita 200 in ta taru sai a juya a kwarin da ba shi ba. Ƙofa mafi arha ta shiga harkar ke nan, kuma kai take ci, ba damtse ba. A Maroko ma akwai tseren mata na Aïcha des Gazelles tun 1990, ba GPS, sai taswira da kamfas, kuma mai gajeriyar tafiya ke ci, ba mai gudu ba.

Tuƙin kansa, direbobin kasuwannin ƙauye a arewacin Dakoro sun san rabinsa. Ana sauke iska daga wajen kilo 2 zuwa 1 ko ƙasa, taya ta baje ta hau bisa rairayi. In an sauke da yawa aka sha kwana da ƙarfi, taya ta fita daga garenta. In an shiga duwatsu ba a mayar ba, ta fashe. Tudu fuska biyu gare shi, wadda iska ke bugu mai tauri da sauƙin hawa, da ta bayanta mai laushi da gangara kamar rijiya. Ana hawa da ƙarfi, a ɗaga ƙafa daidai ƙoƙuwa. Mai yawan gudu ya tashi sama ya sauka da hanci, kuma a nan ake karya ƙashin baya. Mai ƙarancin gudu motar ta zauna da ciki a kan ƙoƙuwa, ƙafafu huɗu na lilo. In ta kafe, a cire ƙafa daga totur nan take, don kowane juyi ƙara binne ta yake. Sai shebur da jak da faranti. Da tsakar rana rairayi ya fi laushi, inuwa ta ɓace, ido ba ya raba tudu da rami. Manyan motoci an ƙayyade musu kilomita 170 a awa, cikin ƙauyuka 30 ko 50, dokar da ba ta tsananta ba sai da ayarin ya kashe yara a garuruwan Sahel, abin da masu kewar zamanin Pari-Dakar ba su cika tunawa ba.

A 2001 Kleinschmidt, mai shekara 38, ba ita ce ta fi kowa gudu ba. Ana saura zango guda mai tsawo, daga Tambakunda zuwa Dakar, Hiroshi Masuoka na Japan ne a gaba, Jean-Louis Schlesser na bin sa, wanda a motarsa ta ci zangonta na 1997. Schlesser da abokin ƙungiyarsa da ke wata motar suka tashi kafin lokacinsu suka shige gaban Masuoka. Shi kuma garin ƙoƙarin wuce su ya bar hanya, ya karya ƙafar motarsa. Alƙalai suka ƙara wa Schlesser awa 1. Bayan mako 3 da kilomita wajen 10,000, ita ce ke kusa, motarta lafiya, ba tara a kanta. Tazarar da ta ba Masuoka a ƙarshe ba ta kai minti 3 ba.